Abin da Yatsun Maɗori Suka Sani

Duk wanda ke ci daga fadamar Haɗejiya, da gaɓoɓinsa yake biya. Mai dashen shinkafa a Auyo a duƙe yake wuni, ƙafa a laka, tsatso a lanƙwashe. Masunci a Guri ko Kirikasamma tun asuba yake jefa birgi, kowace jifa kuma kafaɗa ce ke wulwulawa da nauyin jiƙaƙƙiyar raga da darmarta. Ga masu yankan kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa bayan da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 suka sauya tafiyar kogin. Suna tsaye cikin ruwa har ƙugu, suna sara suna ja. Idan ruwa ya janye laka ta bushe, sawun shanu sai ya zama ramuka masu tauri, nan ƙafar mai ɗauke da dami ke gurɗewa. Ba a ma zancen ɗan acaɓa da ya ɗora buhunan shinkafa ya hau jinga.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ranar da ya zo, a ƙauyuka da yawa na ƙasar nan ƙofar maɗori ake fara bugawa.

Kayan aikinsa kaɗan ne: karare da aka fere aka jera aka saƙa da zare, tsumma mai tsabta, man shanu ko man kaɗe, ruwan ɗumi, sai bisimilla da addu'ar da ya gada. Sana'a ce ta gado. Yaro yakan fara da riƙe wa mahaifinsa ƙafar majinyaci, ya shekara yana kallo kafin a ce masa "taɓa nan ka ji". A garuruwan Hausa da dama har sarautar Sarkin Ɗori ake naɗawa. Mutane sun fi tuna lokacin ja da ihu, amma ni abin da ya fi burge ni yana faruwa ne kafin nan, a ɗan lokacin da maɗori na ƙwarai yake shiru yana karanta gaɓa.

Ba ya fara taɓa wurin ciwo. Zai ce, "Sannu, ɗana. Yaya aka yi ka faɗi? Da wane gefe ka sauka?" Zai sa a tuɓe riga, ya dubi kafaɗa mai lafiya, ya dubi mai ciwo, ya sake duban mai lafiya. Allah ya yi mana gaɓoɓi bibbiyu, kowace tana zama shaida a kan 'yar'uwarta. Sannan ya ɗora yatsu nesa da kumburin, ya riƙa matsowa a hankali, idonsa a kan fuskar majinyaci, domin fuska takan riga baki faɗin gaskiya. Abu uku yake rarrabewa. Ko targaɗe ne, wato jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa sun miƙe fiye da kima ko sun ɗan yage amma ƙashi yana mazauninsa. Ko gocewa ce, kan ƙashi ya fita daga gurbinsa. Ko karaya. Duk ukun suna kumbura, duk suna sa babba kuka, amma maganin ɗaya yana iya zama halakar ɗaya.

Ba a iya wannan rarrabewa sai an san yadda aka gina kowace mahaɗa. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma duk inda biyu suka haɗu gaɓa ce, ko tana motsi ko ba ta yi. Almajirai sun san hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, wanda ya ambaci gaɓoɓi 360 a jikin ɗan Adam, da wanda ya nuna akwai sadaka a kan kowace gaɓa kullum safiya, kuma raka'a biyu na walaha suna isar wa mutum. Wanda ya taɓa kwana da yatsa ɗaya a goce ya san dalilin wannan godiya.

Akwai gaɓoɓin da aka yi su don kada su motsa. Ƙasusuwan kai 22 ne, kuma in ban da muƙamuƙin ƙasa, duk a ɗinke suke da juna. A jariri ɗinkin bai gama rufewa ba, shi ya sa kai ke iya matsewa wajen haihuwa, shi ya sa kuma ake ganin maɗiga tana bugawa har yaro ya kai wajen shekara ɗaya da rabi ko biyu.

Akwai masu ɗan motsi kaɗan, waɗanda guringuntsi ya haɗa. Ƙashin baya 33 ne a jere, 24 daga ciki suna motsi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a tsatso. Tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai taushin ciki da ke shanye nauyi. Motsin kowane ɗaya ƙanƙane ne, sai an tara su mutum ke iya ruku'u. Waɗannan biyar na tsatso su ne ke ɗaukar wahalar mai dashe da mai dakon buhu a kasuwar Haɗejiya. Haka mahaɗar gaban ƙugu, wadda ke ɗan sassautawa idan mace ta kusa haihuwa.

Sai kashi na uku, masu sakakken motsi, inda maɗori ya fi aiki. Gininsu ɗaya ne ko'ina. Kan kowane ƙashi an lulluɓe shi da farin guringuntsi mai santsi, irin wanda ake gani a kan ƙashin rago, kaurinsa a manyan gaɓoɓi 'yan milimita ne kawai. An kewaye mahaɗar da jaka, a cikin jakar akwai ruwa mai yauƙi da ke hana ƙashi cin ƙashi. A lafiyayyar gwiwa bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Daga waje jijiyoyin ɗauri sun kama ƙashi da ƙashi, tsoka kuma ta miƙo agararta ta kama don ta ja. Bambancin yana ga siffar bakin ƙashin. Gwiwar hannu da gaɓoɓin tsakiyar yatsu lanƙwashewa da miƙewa kawai suka sani. Ƙashin wuya na farko yana juyawa a kan wani ɗan tsini na na biyu, da shi muke waiwaye da sallamar salla. Ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu suna zamewa a kan juna. Gindin babban yatsa yana da wata siffa tasa da ke ba shi damar taɓa kan sauran yatsu, ba don ita ba da ba a riƙe lauje, ba a ɗinke raga, ba a kama alƙalami. Kafaɗa da ƙugu kuwa dunƙulallen kai ne a cikin gurbi, suna juyawa ta kowace fuska.

Maɗori ba zai jero maka wannan da sunaye ba. Amma ba za ka taɓa ganin gwani yana murɗa gwiwar hannu gefe ba, ko yana neman motsin kafaɗa a gwiwa. Hannunsa ya san iyakar da aka yanka wa kowace.

A dubi kafaɗa da ƙugu, domin a nan hikimar ta fi fitowa. Kan ƙashin cinya yana zaune a gurbinsa kamar taɓarya a cikin turmi mai zurfi, ga jijiyoyi mafiya ƙarfi a jiki sun ɗaure shi. Ba ya fita sai da babban bugu, irin na haɗarin mota ko faɗowa daga bisa. Gurbin kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, bai rufe ko rabin kan ƙashin damtse ba. Tsokoki huɗu da suka rungume shi su ne ke riƙe da shi. Wannan sakewa ita ta ba masunci damar wulwula birgi, ita ta ba ɗan dambe damar kai duka, kuma ita ta sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa yawan gocewa. Fiye da tara cikin goma ta gaba take fita, galibi idan hannu yana sama aka fizge shi baya.

Gwani yana gane ta tun daga bakin zaure. Majinyaci ya shigo ya karkata, ya tallafe hannun da ɗaya hannun, ya ɗan nisanta shi da jiki. Tudun kafaɗa ya baje, kusurwar ƙashi ta fito, ƙasanta ya loɓa. A lalubi gaban kafaɗa, sai a ji kan ƙashin a inda bai kamata ba. To a nan ake gane wanda ya iya da wanda ke kwaikwayo. Mai kwaikwayo yana kiran ƙarti huɗu su danne, ya fizga. Wanda ya iya ya san abokin faɗansa tsoka ce da ta ɗaure saboda zafi da tsoro, kuma tsoka ba ta sakewa da fizga, sai dai ta gaji. Sai ya kwantar da mutum, ya sa wani ya riƙe ƙirji da zane, shi kuma ya kama hannun ya ja a hankali, ja ɗaya mai ɗorewa ba tare da sassautawa ba, yana hira. "Bana kadada nawa ka noma? Ja numfashi. Saki jikinka, Malam, saki." Minti biyu, uku, biyar. Sai ya ɗan juya damtsen waje. Sai a ji ƙwas, fuskar majinyaci ta warware nan take. Daga nan ya shafa gefen kafaɗa ya tambaya ko ana jin taɓawar, domin akwai jijiyar ji da ke zagaye wuyan ƙashin, takan ji rauni.

Wannan ilimi tsoho ne ƙwarai. Wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta bayyana yadda ake mayar da muƙamuƙin da ya goce: manyan yatsu a cikin baki, sauran yatsu a ƙarƙashin haɓa. Har yau haka ake yi wa wanda ya yi hamma bakinsa ya ƙi rufuwa, a danna ƙasa sannan a tura baya. Tsohon likita Abuƙirat na Girka ya yi dogon bayani a kan mayar da kafaɗa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu a 1013, ya keɓe sashe guda na littafinsa At-Tasrif ga karaya da gocewa. Ba na cewa maɗoran Haɗejiya daga littattafan nan suka koya. Jiki ɗaya ne, duk wanda ya daɗe yana sauraronsa da yatsu zai iso wuri ɗaya.

Wani aiki da ke sa uwa ta ɗauka tsafi ne: yaro ɗan shekara biyu ko uku, yayarsa ta fizgo shi da hannu don ya tsallake kwata, sai ya ƙwalla ƙara, ya saki hannun ya ƙi motsa shi. Babu kumburi, babu rauni. A gwiwar hannu akwai ƙaramin kan ƙashi da ke juyawa a cikin zoben jijiya, shi ke ba mu damar kife tafin hannu da buɗe shi. A ƙananan yara zoben sako-sako ne, sai ya zame ya maƙale. Wanda ya sani zai ɗora babban yatsa a wurin, ya juya tafin hannun, ya lanƙwasa. Kafin a gama gaisuwa yaro ya miƙa hannun yana karɓar alewa.

Idon sawu kuwa shi ne abincin yau da kullum na maɗori a fadama. Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 gare ta, kuma yawancin gurɗewa ciki take juyawa, jijiyoyin gefen waje su sha wahala. Gwani zai bi bayan ƙashin idon sawu da babban yatsa, ciki da waje, ya danna gindin ƙashin ƙaramin yatsa a gefen ƙafa, sannan ya ce, "Tashi ka taka in gani." In zafin yana kan nama ne a gaban idon sawu kuma mutum ya iya takawa, targaɗe ne: a ɗaure, a ɗaga ƙafa, a huta. In ƙashin kansa ne ke zafi kuma ƙafa ta ƙi ɗaukar nauyi, akwai zargin karaya. A 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada suka fitar da ƙa'idar gane wanda ke bukatar hoton ƙashi bayan gurɗewa. Ginshiƙinta shi ne danna waɗannan wurare da yatsa, da duba ko majinyaci zai iya taku huɗu. Asibitocin duniya suna aiki da ita har yau.

Sai dai ƙaunar sana'a ba ta hana faɗin abin da ke ɓata ta, kuma wanda ya yi shiru a nan bai ƙaunaci masu ita ba. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan yaran da aka yanke wa hannu saboda ɗaurin da ya yi tsanani. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Yaro ya faɗo daga mangwaro ya dafa ƙasa, ƙashin damtse ya karye dab da gwiwar hannu. A ido kamar gocewa. Babbar jijiyar jini tana wucewa ta gaban wurin. Aka ja, aka jera kara, aka tamke. Da dare kumburi ya ƙaru, kara ba ya buɗewa, jini ya tsaya. Tsokar da ta rasa jini tana fara mutuwa cikin kamar awa shida. Yaro yana kuka, manya suna cewa "cije, ɗori ne ke kamawa". Bayan kwana biyu yatsu sun yi baƙi. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana shanyewar hannu irin wannan tun 1881, kuma ya ɗora laifin a kan matsattsen ɗauri.

Saboda haka ma'aunin gwani a wurina yana ga abin da yake yi bayan ya ɗaure. Yana barin yatsu a waje. Yana danna farce ya ga ya yi fari, ya saki ya ga jini ya dawo nan da nan. Yana zura yatsa a ƙarƙashin ɗaurin. Yana gaya wa uwa, "Hajiya, in kukan ya ƙi tsayawa, ko yatsun suka yi sanyi ko suka dushe, kwance shi da kanki, kada ki jira ni." Washegari da sassafe yana zuwa dubawa. Kuma ya san abin da ba nasa ba. Ƙashin da ya huda fata ya fito. Ƙugun da ya goce, wanda in ba a mayar da shi cikin 'yan awoyi ba kan ƙashin cinya kan mutu don rashin jini. Rauni a wuya ko gadon baya. Gwiwar yaro da ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi ba tare da faɗuwa ba, wadda ƙila mugunya ce ta taru a ciki, tausa kuwa ƙara ta'azzara ta take yi. Ciwon ƙugu a mai sikila. Karayar da ta ratsa cikin gaɓa, inda tudu kaɗan a kan guringuntsi ke zama amosanin gaɓa bayan shekaru. Waɗannan na Babban Asibitin Haɗejiya ne, in sun fi ƙarfinsa a wuce Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke wannan aiki tun 1959. Maɗorin da ya ce "wannan a kai shi a ɗauki hoto" bai rage komai daga darajar gidansu ba.

Ilimin ƙashi na asibiti ma yana da jinin maɗora a jikinsa. Hugh Owen Thomas, wanda aka haifa a 1834 ya rasu a 1891, ɗan gidan ɗori ne na gado daga tsibirin Anglesey a Birtaniya. Mahaifinsa maɗori ne da bai yi makarantar likita ba, amma ya tura 'ya'yansa suka yi. Thomas ya haɗa abin da ya gani a hannun uba da abin da ya karanta, ya ƙera ƙarfen ɗaurin cinya da har yau ake kira da sunansa, wanda ya ceci sojoji masu yawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1867 babban likitan tiyata James Paget ya shawarci 'yan'uwansa likitoci su kwaikwayi abin kirkin da ke hannun masu ɗori, su guji marar kyau. A nan Afirka, wani rahoto na 2005 daga kudancin Habasha ya nuna cewa ɗan gajeren horo ga masu ɗorin gargajiya ya rage yawan yanke gaɓoɓi. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, daga Birniwa zuwa Kafin Hausa, suna da ƙauyukan da ruwa ke yankewa daga titi duk damina, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. A irin wannan lokaci maɗori ne kaɗai ke kusa. Zama ɗaya tsakaninsa da likita, a nuna masa hoton ƙashi, shi ma a saurari abin da yatsunsa suka sani, zai tsirar da hannuwan yara da yawa.

Saura aikin ƙarshe, wanda mutane ba su cika yabawa ba, wato sanin ranar kwance ɗauri. Ƙashi yana son a hana shi motsi kafin ya kama: na yaro cikin makonni uku zuwa huɗu, na babba wajen shida ko fiye, cinya kuwa watanni. Gaɓa akasin haka take so. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake ci, kuma sai an motsa ruwan ke shiga yana fita. Gaɓar da aka daɗe da ɗaurewa jakarta takan ƙanƙance ta sandare, gwiwar hannu ta fi kowace saurin yin haka. Maɗori yana tsakanin bukatu biyu masu karo da juna, kuma da lalube yake yanke hukunci: ya ji tudun sabon ƙashi ya yi tauri, ya danna bai ga an yamutsa fuska ba, sai ya rage kara, ya fara gashi da ruwan ɗumi, ya shafa mai, ya lanƙwasa kaɗan yau, ya ƙara kaɗan gobe.

Mu kuwa muna neman abu mai yawa daga gwiwa. Mai zama a kujera lanƙwasa rabi ta ishe shi. Bahaushe yana tsugunno wajen alwala, yana naɗe ƙafa a tabarma, yana zaman tahiya inda dunduniya ke taɓa mazaunai, kuma wannan yana bukatar gwiwa da idon sawu su kai ƙarshen iyakarsu. Shi ya sa maɗori ba ya sallamar mai ciwon gwiwa don ya ga yana tafiya, sai ya ga ya tsuguna ya tashi ba dafa bango. Saurayin da kafaɗarsa ta goce kuwa ana ja masa kunne sosai, domin a masu ƙuruciya takan sake fita sau da yawa: hannu a rataye na ɗan lokaci, sannan motsi kaɗan-kaɗan don tsokokin nan huɗu su yi ƙarfi, kuma ba jifan birgi, ba tuƙa kwalekwale, sai an yi makonni, ko da kifi ya cika kogi.